Wace Burauza Ce Ta Dace Da Mutumin Gure?

 

Batun da aka ɗora mini yau a ido ƙarami ne, har wani zai ce bai kai a shimfiɗa masa tabarma ba: wace burauza ya kamata mutum ya riƙa shiga intanet da ita? Burauza ita ce manhajar nan da ake buɗe shafuka da ita, irin su Chrome da Opera Mini da Firefox da Phoenix. Duk wanda ka tambaya, amsarsa ba ta wuce uku: ɗauki wadda ta fi sauri, ko wadda ta fi kayan aiki, ko kuma wadda ranka ya fi so. Ban ƙi ma'aunan nan ba, amma an yanka su ne daidai da mutumin da rezo ba ya yanke masa, wuta ba ta ɗauke masa, kuma bai taɓa lissafin abin da shafi guda yake ci ba. Mutumin Gure kuwa yana wannan lissafi kullum, domin da dala ashirin ko hamsin yake sayen mega, yana kallon yadda take zurarewa. Tambayar da ta dace da shi ita ce: me wannan burauza za ta cinye mini, a kuɗi da batir da sirri, kafin ta gama mini aikina? Hujjar da zan kafa ita ce, wanda ya bi wannan tambaya har ƙarshenta zai tarar burauza ɗaya ba ta isarsa. Biyu yake bukata, kowace da aikin da aka ware mata.

Mu fara da sauri, tunda shi ne abin da aka fi talla da shi. Burauza ta farko, Tim Berners-Lee ne ya rubuta ta a 1990 a cibiyar bincike ta CERN kusa da Janiba. Netscape ta biyo a 1994, Internet Explorer a 1995, Safari a 2003, Firefox a 2004, sai Chrome a 2008, wadda yau take riƙe da kusan kashi biyu cikin uku na masu shiga intanet a duniya. A wancan zamani kowace da nata injin, saboda haka bambancin sauri abu ne da ido ke gani. Yau injinan da suka rage masu ƙarfi uku ne kacal: Blink na Google, WebKit na Apple, da Gecko na Mozilla. Opera ta ajiye nata injin ta koma na Google a 2013, Microsoft Edge ta bi sahu a farkon 2020, haka Brave da Samsung Internet duk a kan tushe guda na Chromium aka gina su. Ke nan idan samari biyu suna musu a tasha, wannan yana cewa Edge ta fi gudu, wancan yana cewa Chrome, galibi a kan inji ɗaya suke musu, fenti ne ya bambanta. Akwai gwajin da kamfanonin suka haɗu suka fitar a Maris 2024 mai suna Speedometer 3, kuma gwaji ne na gaskiya, sai dai abin da yake aunawa shi ne yadda burauza take sarrafa shafi bayan ya riga ya iso cikin na'ura. Wahalarmu a nan tana kafin isowar.

Ga abin da ke faruwa idan ɗalibi ya rubuta adireshin shafi a wayarsa, yana zaune a bakin hanyar nan da ta taso daga Damagaram ta nufi Difa. Wayar za ta fara tambayar inda shafin yake, a dawo mata da amsa. Sai ta yi musayar saƙonni da kwamfutar da ke riƙe da shafin domin su ƙulla layin sirri. Sai ta karɓo gangar jikin shafin, ta duba ta ga yana neman hotuna da rubutattun umarni da tallace-tallace, gwamman abubuwa, wasunsu daga kamfanoni daban-daban, kowanne sai an aika an karɓo. Kowace tafiya da dawowa sai ta bi ta eriyar kamfanin waya, ko Airtel ne ko Moov ko Zamani ko Niger Telecom, ta shiga waya ta ƙarƙashin ƙasa, ta ƙetare iyaka tunda Nijar ba ta da teku, ta kai gaɓar ruwa a maƙwabta, sau da yawa har Turai ko Amurka. Idan eriya ta cika da jama'a bayan sallar isha'i, kowace tafiya sai ta ƙara jinkiri, kuma jinkirin yana ninkuwa ne gwargwadon yawan abubuwan da shafin ya nema. Mun ga iyakar ikon burauza ranar 14 ga Maris 2024, lokacin da wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku suka lalace daura da gaɓar Kwaddibuwa, ƙasashen Afirka ta Yamma da dama suka shiga duhu ko tafiyar hawainiya. Ba burauzar da ta tsira a ranar. Abin da burauza take da iko a kansa abu ɗaya ne: yawan kayan da take ɗebowa. Wadda ta ɗebo kaɗan ita ce mai sauri a Gure, ko da injinta ya zo na ƙarshe a gwajin da aka yi a Kalifoniya.

To nawa shafi yake ci? Masu auna nauyin shafukan duniya na HTTP Archive sun nuna cewa matsakaicin shafi a waya ya haura megabayit 2, kuma rubutun da mutum ya zo karantawa ɗan ƙanƙanin kaso ne a ciki. Hotuna da umarnin kwamfuta su ne suka cinye saura. Ku yi lissafi da kanku: mai mega 100 ba zai buɗe irin wannan shafi hamsin ba ta ƙare. A nan ne dabarar Opera Mini take da daraja. Kamfanin Opera na ƙasar Norwe ya fitar da ita a 2005, a zamanin ƙananan wayoyi masu maɓalli, kuma hikimar ita ce wayarka ba ta zuwa wurin shafin da kanta. Kwamfutocin Opera ne suke zuwa, su yi duk zirga-zirgar nan da na bayyana a kan layinsu mai ƙarfi, su tace shafin, su matse hotunansa, su turo maka shi dunƙule guda. Kamfanin yana cewa ragin yana iya kai kashi 90 cikin 100. Wannan maganar mai kaya ce, ba kowane shafi ne yake kaiwa haka ba, amma ko rabin haka aka samu, mega ta kwana ɗaya ta zama ta kusan kwana biyu. Chrome ma ta taɓa samun irin wannan tsari na tsimi a wayoyin Android. Google ya cire shi ranar 29 ga Maris 2022 da fitowar Chrome ta 100, dalilin da ya bayar kuwa shi ne kuɗin data ya sauka a ƙasashe da yawa. Ina so ku riƙe wannan dalili, domin shi ne shaida mafi ƙarfi a kan abin da nake faɗa: wanda ya yanke shawarar bai yi ƙarya ba, amma ba da aljihun malamin ƙauye a Kelle ko Bune ya auna ba.

Da a nan magana ta tsaya, sai in ce kowa ya saka Opera Mini mu tashi. Amma tsimin nan yana da farashi, kuma kowa a garin nan ya san irinsa. Wanda ya kai raƙumi ko sa kasuwar Subdu ya damƙa wa dillali, ya huta da yawo da ciniki cikin rana, amma dillali ya san kuɗin da aka taya, ya san wanda ya saya, ya san abin da ya shiga aljihu. Haka kwamfutocin Opera suke idan aka saka tsimi mafi tsanani: kafin su matse shafi dole su buɗe shi su gani, har da shafin da aka kulle da sirri. Layin sirrin da ya kamata ya miƙe daga wayarka zuwa banki, sai ya tsaya a wurinsu, su kwance, su sake ɗaurewa. Ban ce suna satar komai ba. Na ce tsarin ya dogara ne a kan yarda da su, kuma mutum ya kamata ya san ya ba da wannan yarda. Bayan haka, shafukan da ake cike takarda a cikinsu, masu akwatunan zaɓi da ɗora hoto, sukan karye a wannan yanayi, mutum ya danna ya danna abu ya ƙi tafiya, ya zaci rezo ne. Tarihi kuma ya nuna tsoron ba na banza ba ne. UC Browser, wadda ta yi tashe a wayoyin talakawa saboda irin wannan tsimi da saurin sauke fayil, cibiyar Citizen Lab ta Jami'ar Toronto ta bincike ta a Mayu 2015, ta tarar tana aika lambobin shaidar waya da bayanin inda mutum yake da abin da ya bincika, wasu ba kulle, wasu da kulle mai rauni. Indiya ta haramta ta a Yuni 2020, ko da yake rikicin iyaka da Sin, ƙasar da manhajar ta fito, yana cikin dalilan. Kada wani ya ɗauka ina ware wata ƙasa ne. Opera kanta wasu kamfanonin Sin ne suka saye ta a 2016, Chrome ta Amurka ce kuma kamfanin da ya fi kowa cin kuɗin talla a intanet ne yake ba da ita kyauta. Kowannensu da abin da yake ci a jikinka, sai dai ka zaɓi wanda za ka ba me.

Daga nan rabon aikin ya fito. Karatun labarai, duba sakamakon wasa, binciken darasi, duk abin da ko an gan ka kana karanta shi ba ka yi asara ba, a ba burauza mai tsimi. Duk abin da ya shafi kuɗi, ko kalmar sirri, ko cike takardar rajistar jami'a da neman aiki, a ba cikakkiyar burauza da ke magana kai tsaye da shafin, Chrome ko Firefox ko makamanciyarsu. Sharaɗin wannan ta biyun guda ne, kuma ya fi sunanta muhimmanci: ta kasance tana samun sabuntawa. Kusan kowane wata kamfanonin nan suna toshe ɓarakar da aka gano, wani lokaci ɓarakar da ɓarayi suka riga suka fara shiga ta cikinta. Wayoyinmu kuwa da yawa tsofaffi ne, an sayo su hannu na biyu daga Kano ko Damagaram. Chrome ta daina sabuntawa a kwamfuta mai Windows 7 tun farkon 2023, ta kuma daina a wayoyi masu Android 8 da 9 a Agusta 2025. Burauzar tana nan tana buɗewa, ba ta ce maka komai ba, amma an daina gyara ta. Akwai kuma matsalar takardun shaida. Kowane shafi mai kulle yana nuna wa burauza takardar da ke tabbatar da shi ne, burauza ta duba cikin jerin masu sa hannun da ta amince da su. Cibiyar Let's Encrypt, wadda take ba miliyoyin shafuka wannan takarda kyauta, ta daina tallafa wa wayoyin da Android ɗinsu bai kai 7.1.1 ba a 2024, ta kuma ba masu irin wayoyin shawarar su saka Firefox, saboda Firefox tana tafe da nata jerin, ba ta dogara da na wayar ba. Wani lokacin ma abin bai kai haka nisa ba. Batir ya mutu murus, an kai wurin mai caji, waya ta tashi da kwanan watan shekarun baya, sai kowane shafi ya fito da gargaɗi cewa layin ba amintacce ba ne, domin a lissafin wayar takardar ba ta fara aiki ba tukuna. Mutum ya sayi sabuwar mega, ya zagi kamfani, alhali gyaran agogo ne kawai.

Ma'auni na biyu shi ne kayan aiki, kuma a nan zan yi rowa, domin yawancin abin da ake jerawa a talla ba ruwanmu da shi. Uku ne nake ganin sun cancanci a zaɓi burauza saboda su. Toshe talla shi ne na farko, saboda talla mega take ci kuma kai kake biya. Brave tana toshewa tun daga fitowarta, Opera tana da maɓallin hakan, Firefox ta Android tana karɓar ƙarin manhaja mai suna uBlock Origin, Chrome ta waya kuwa ba ta karɓar irin wannan ƙari. Mai hankali zai ce, to jaridun da ke rayuwa da talla fa? Maganarsa tana da nauyi, kuma duk waɗannan kayan suna ba da damar a ƙyale talla a shafin da mutum yake so ya tallafa wa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce wajibi ne ɗalibi ya biya kuɗin bidiyon tallar da ya kunna kansa ba tare da an tambaye shi ba. Na biyu shi ne ajiye shafi domin karantawa ba rezo. Malamin da ya shigo Gure karɓar albashi yana iya sauke darussan mako guda a inda layi ke da ƙarfi, ya koma Alakos ko Gamu ya karanta a natse, kuma kusan kowace burauza tana yin haka, sai dai mutane ba su san wurin maɓallin ba. Na uku fassara. Kundin da aka ƙaddamar a Maris 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa a Nijar, amma shafukan hukuma da na ilimi har yanzu Faransanci da Ingilishi ne suka fi yawa. Chrome tana juya shafi zuwa Hausa, tunda manhajar fassara ta Google ta karɓi Hausa tun 2013, ta kuma ƙara Barbarci da Fulatanci a 2024. Fassarar takan yi tuntuɓe, ba a sa hannu a takarda saboda ita, kuma rubutun shafin yana zuwa wurin Google kafin ya dawo. Duk da haka, ga wanda bai yi lakwal mai nisa ba, wannan kaɗai ya isa dalilin ajiye Chrome a waya.

Akwai kuma kayan da sunansu ya fi aikinsu. Shafin sirri da ake kira Incognito yana hana wayar ajiye tarihin abin da aka buɗe, kuma wannan yana da amfani a gidan da waya ɗaya ce tsakanin maigida da uwargida da yara, ko a kwamfutar shagon intanet. Amma bai ɓoye ka daga kamfanin waya ba, bai ɓoye ka daga mai shafin ba. A 2024 Google ya amince ya goge biliyoyin bayanan da ya tara, domin kashe wata ƙara da aka shigar a Amurka a kan wannan yanayi. Alamar kwaɗon nan da ke gefen adireshi ma haka: ma'anarta layin a kulle yake, ba ta ce mai shafin mutumin kirki ba ne, kuma ɗan damfara ma yana samun ta kyauta. Google ya cire ta daga Chrome a 2023 bayan bincikensa ya nuna kashi 11 cikin 100 ne kawai suka fahimci ainihin abin da take nufi. Sai ƙaramin akwatin nan da ke fitowa yana neman izinin aiko maka sanarwa. Wanda ya danna amincewa a shafin banza, daga ranar wayarsa za ta riƙa ƙara da saƙon cewa ya ci kyauta ko ƙwayar cuta ta kama na'urarsa. Ba cuta ba ce, izini ne da ya bayar da hannunsa, kuma a cikin saitin burauza ake janye shi.

Na zo kan ra'ayi, wanda ake cewa ba a musu a kansa. Na yarda mutum yana da ikon son abin da yake so, kuma sabo ma yana da daraja: wanda hannunsa ya saba da wuraren maɓallai yakan fi yin aiki da kyau, ya fi kauce wa kuskure. Tambayata ita ce, wa ya zaɓa? Kusan rabin wayoyin zamani da ake sayarwa a Afirka na kamfanin Transsion ne na birnin Shenzhen, mai Tecno da Infinix da itel, kuma suna zuwa da Chrome a ciki, da yawansu har da Phoenix. Abin da bai zo daga masana'anta ba, yaron shago ne ya tura shi ta Xender ranar da aka sayi wayar, daga wani tsohon fayil da ke yawo hannu zuwa hannu, wanda ba zai taɓa sabunta kansa ba. Bayan shekara sai mutum ya ce wannan ce nake so. Kamfanonin sun san ƙarfin abin da aka tarar a waya fiye da mu. A shari'ar da gwamnatin Amurka ta yi da Google, ya fito fili cewa a 2021 kaɗai kamfanin ya biya dalar Amurka biliyan 26.3 domin injin bincikensa ya zama shi ne ake tararwa a wayoyi da burauzoji, kuma Apple kaɗai ya karɓi biliyan 20 a 2022. Ranar 5 ga Agusta 2024 alƙali Amit Mehta ya yanke cewa Google ya yi babakere ba bisa doka ba a harkar bincike. Ba wanda zai zubar da irin wannan dukiya da ya san mutane za su canza da kansu. Ko Mozilla mai Firefox, wadda ake yaba wa da kare sirri, fiye da kashi 80 cikin 100 na kuɗin shigarta daga irin wannan yarjejeniya ce da Google. Tarayyar Turai ta tilasta a riƙa nuna wa mai sabuwar waya jerin burauzoji ya zaɓa tun Maris 2024. Mu ba wanda zai nuna mana wannan jeri, sai mu je saitin waya, wurin manhajojin da aka naɗa, mu yi zaɓin da kanmu.

Na san akwai masu ja, kuma ba zan tsallake su ba. Na farko zai ce, Malam, mu nan WhatsApp da Facebook da TikTok muke yi, burauza ta ƴan boko ce. Amma duk adireshin da aka turo maka a WhatsApp ka danna, burauza ce take buɗe shi, har da saƙon nan mai cewa ana rabon mega kyauta ko tallafin gwamnati, a cike suna da lamba. Chrome da Firefox da Safari suna duba adireshi a jerin shafukan damfara da aka sani, su tare ka da jan allo kafin ka shiga, tsohuwar burauzar da aka tura ta Xender kuwa ba ka da tabbacin tana yin haka. Na biyu zai ce wannan duk maganar jiya ce, ga Starlink ya shigo Nijar tun 2025, ga masu sayar da wifi da tikiti, gobe mega za ta zama kamar ruwa. Allah Ya sa. Amma tikitin ma kuɗi ne, layin da mutum talatin suka hau ba ya gudu kamar na mutum ɗaya, kuma wifi ba ya bin makiyayi daji. In ma layi ya wadata, rabin hujjata ne ya faɗi, wato tsimi. Rabin da ya shafi sirri sai ƙara ƙarfi yake yi, domin a kan layin da baƙi suka taru ne aka fi bukatar burauza mai kulle na gaskiya. Na uku zai ce ni ba ni da abin ɓoyewa. Ba maganar abin kunya ake ba. Lambar wayarka ita ce asusunka na Airtel Money, da ita ake aiko maka kuɗi ta Nita ko Amana, da ita ake dawo maka da kalmar sirri in ka manta. Wanda ya haɗa lambarka da sunanka da garinku da abin da kake nema a intanet, ya samu abin da zai kira ka da shi ya yi maka magana kamar ya san ka. Muna da hukumar HAPDP a Yamai mai kare bayanan jama'a, amma hannunta ba zai kai kowace kwamfuta da ke wata nahiya ba.

Na huɗu shi ne wanda maganarsa ta fi damuna, mai cewa wayata kullum kuka take ba wuri, ina zan saka burauza biyu? Gaskiya ne ƙananan wayoyi masu Android Go, waɗanda da yawansu ƙwaƙwalwar aikinsu ba ta wuce gigabayit 2 ba, ba su da sarari. Amma ɗayar ta riga tana ciki, tunda Chrome ba ta gogewa a yawancinsu, Opera Mini kuwa ba ta kai nauyin ƴan bidiyon da ke kwance a WhatsApp ba. Abin da ke shaƙe waya sau da yawa shafuka ne arba'in da aka bari a buɗe, da kuma labaran da burauza take jerawa a fuskarta ta farko, masu ɗebo hotuna tun ba ka nemi komai ba. Opera Mini da Phoenix da Chrome duk suna da wannan jeri, kuma wanda ya saka burauzar tsimi ya bar shi a kunne, abin da ya tara ta nan yana zuba ta can. A shiga saiti a kashe shi, ko a rage shi iyakar abin da burauzar ta bari.

Ban nemi kowa ya ɗauki maganata a kan wace ta fi tsimi ba, domin gwajin yana hannunku. Kowace wayar Android tana nuna yawan data da kowace manhaja ta ci, a cikin saiti, wurin da ya shafi layi da intanet. Mutum ya zaɓi shafuka biyar da ya saba buɗewa, ya rubuta lambar da ke gaban kowace burauza, ya buɗe shafukan a wannan, ya buɗe su a waccan, a wuri ɗaya kuma a lokaci ɗaya, sannan ya koma ya duba abin da ya ƙaru. Ya maimaita da safe da kuma bayan isha'i, domin layin Gure na hantsi daban yake da na dare. Malaman lissafi da ke nan suna iya mai da wannan aikin aji: ɗalibai su kasu rukuni-rukuni bisa kamfanin layinsu, su kawo alƙalumansu, a fitar da matsakaici a allo, a ga mega nawa jika guda take saya kuma shafi nawa take buɗewa a kowace burauza. Masu shagunan intanet kuma su duba kwamfutocinsu, duk wadda take kan Windows 7 kada a bar ɗalibi ya rubuta kalmar sirrinsa a tsohuwar Chrome ɗinta, kuma a kashe tsarin da ke ajiye kalmomin sirri, domin wanda zai zauna bayansa ba a san ko wane ne ba.